Darasi na 9: Saƙar da ta kwana biyu a jaka, yadda za a ƙarasa ta

'Yan uwa masu karatu sannunku da ƙoƙari. Yau sai kowa ya je ya ɗauko jakar nan, eh ita nake nufi, wadda aka cusa suwaita mai hannu ɗaya a ciki tun bara ko bara waccan, ko safa ƙafa ɗaya, ko bargon da aka kai rabi aka gaji. Duk mai saƙa yana da irinta. Ni kaina akwai rigar sanyin da na fara wa yarona yana ɗan shekara 2, ban koma kanta ba sai da ya shiga 4, da na gwada masa ko kansa bai wuce ba, kuma abin ya daɗe yana min ciwo don ulu ne mai kyau kuma na zuba kwanaki a ciki.

Dan Allah kada ku yi saurin ɗaukar tsinke ku ci gaba daga inda kuka tsaya. Ku fara shimfiɗa aikin a wuri mai haske ku duba shi ciki da bai. Abu na farko da ake nema shi ne ɓarnar asu. Shi wanda yake tashi ɗin nan ba ya cin komai, tsutsarsa ce mai ɓarna, gashin dabba ne abincinta kuma ta fi son wuri mai duhu da ba a taɓawa, wato dai cikin jakar nan taku. In kun ga 'yan ramuka, ko wani abu kamar yanar gizo-gizo, ko gari-gari kamar yashi a gindin jakar, ko kun ɗan ja zare ya tsinke ba dalili, toh ta shiga. Ku sa aikin da sauran ulun duka a leda ku ɗaure, a jefa a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili aƙalla kwana 3, sati guda ma ya fi. Ulun roba kam asu bai damu da shi ba.

Daga nan sai ku tambayi kanku da gaske, abin nan har yanzu akwai mai sa shi? In akwai, a ƙarasa. In girman ya kauce ana iya juya shi, gaban riga ya zama rigar matashin kujera, rabin bargo a rufe bakinsa ya zama na jariri. In kuma kun duba zuciyarku ba ta so ko kaɗan, ku warware kawai, ulun yana nan bai je ko'ina ba. Sai dai zai fito a lanƙwashe saboda daɗewa, ku naɗa shi a bayan kujera ya zama dogon zobe, ku ɗaure shi wuri 3 ko 4 don kar ya cukurkuɗe, a jiƙa a ruwa mai ɗan ɗumi, a rataye ya bushe, zai miƙe kamar sabo.

Ga wani abu da mutane da yawa ba sa lura da shi: hannu yana canzawa. Yadda kuke jan zare shekara 2 da suka wuce ba lallai ya zama haka kuke ja yau ba. Kuma idanun saƙar da suka daɗe a kan tsinke, wato zoban zaren nan da ke jere a kansa, sun riga sun buɗe, in aka ɗora a kansu sai wani layi ya fito ɓaro-ɓaro a tsakiyar riga. Maganinsa a warware layi ɗaya ko biyu a sake. Sannan ku ɗauki tef ku ƙirga ido nawa ne a cikin santimita 10 na tsohon aikin, ku saƙa ɗan ƙyalle na gwaji shi ma ku ƙirga. Misali tsohon ya ba da ido 20, sabon ya ba da 22, kun ga hannunku ya ƙara tsauri kenan, ido 100 da a da suke ba da santimita 50 yanzu 45 da ɗan ɗoriya za su bayar, a jikin riga kuwa wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Sai ku koma tsinken da ya ɗan fi kauri, kamar da rabin milimita, ku sake gwadawa.

Batun ko ulu zai isa, sikeli ne zai gaya muku ba ido ba. Ku auna hannun rigar da kuka gama, ku auna ulun da ya rage, in hannun giram 60 ne ragowar kuma 45, ai lissafi ya fito. In za ku ƙaro ku duba takardar da ke naɗe a jikin ulun, akwai lambar launi akwai kuma lambar rini, galibi kusa da kalmar Lot. Launi ɗaya ne amma in ba tukunyar rini ɗaya ba ce sai an ga bambanci a rana. In ba ku samu mai lamba ɗaya ba, ku riƙa layi 2 da tsoho layi 2 da sabo na ɗan wani tsawo, launin zai saje.

Ƙarshen saƙa shi ma aiki ne mai zaman kansa, kuma a nan ne ayyuka da yawa suke maƙalewa, an gama saƙa tsaf amma ba a haɗa ba. Wajen rufe baki ku sassauta hannu, musamman a wuya, kuma ku tabbatar zaren da ya rage ya kai tsawon bakin sau 4. Jelar zare a bar ta kamar santimita 15, a zura a allura marar tsini a bi da ita ta bayan saƙa kamar santimita 5, a juyo a dawo kaɗan sannan a yanke, ban da ƙulli don yana kwancewa kuma yana leƙowa waje. Sai a jiƙa ɓangarorin minti 15 zuwa 20, kar a murɗe, a naɗe cikin tawul a danna, a shimfiɗa a ƙasa a ja kowanne zuwa awonsa a kafe da fil marar tsatsa. Kar a rataye, nauyin ruwa zai ja shi ya zama wani abu daban. Bayan ya bushe ne ake ɗinke gefe da gefe.

Cuɗa ulu

Yanzu ga inda nake so ku natsu sosai. Akwai aikin da ake saƙawa da gangan ya yi girma, kamar jaka ko hula ko takalmin ɗaki, sannan a cuɗa shi a ruwan zafi da sabulu har ya tsuke ya haɗe ya zama ƙyalle mai kauri da ba a ganin idon saƙa a jikinsa. Ita cuɗar ulu kanta sana'a ce tsohuwa ƙwarai, an tono shimfiɗu na cuɗaɗɗen ulu a kaburburan Pazyryk da ke duwatsun Altai a Saberiya waɗanda suka haura shekara 2000, kuma har yau makiyayan Mongoliya da shi suke rufe tantunansu.

Dalilin da ya sa yake haɗewa, kowane silin gashin tunkiya yana da 'yan ɓawo a jikinsa kamar na kifi, ido ba ya gani. Zafi da ruwa da sabulu suna ɗaga su, cuɗawa kuma tana sa su sarƙe da juna, in sun sarƙe shikenan ba sa sakin juna har abada. Saƙa in an yi kuskure ana warwarewa, wannan kuwa ba ya komawa baya, shi ya sa duk abin da za a gyara sai a gyara shi tun yana bushe: a ɗinke, a ɓoye jelar zare, a haɗa hannun jaka, a toshe ramin da asu ya yi da ulu iri ɗaya.

Kuma ba kowane zare ne yake cuɗuwa ba. Auduga ba ta yi, na roba ba ya yi, haka ulun da aka rubuta superwash a takardarsa, an riga an yi masa aikin da zai hana shi tsukewa. Tsohon aiki sau da yawa takardar ta ɓata, toh ku yanki ɗan guntu ku kai shi bakin wuta a hankali. Gashin dabba yana warin ƙonannen gashi ya bar baƙin abu mai murƙushewa, na roba narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri, auduga kuma warin takarda take yi. Wannan gwajin ba zai nuna superwash ba, sai ƙyallen gwaji, don haka kar a tsallake shi. Ku saƙa, ku auna tsawo da faɗi ku rubuta, ku cuɗa, ku sake aunawa. Galibi tsawo ya fi faɗi tsukewa. In santimita 20 ya koma 15 kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi kenan, jakar da ake so ta tsaya a 30 sai an saƙa ta 40.

Wajen cuɗawar ku zuba ruwa mai zafin da hannu zai iya jurewa da sabulu kaɗan, ku yi ta murzawa kuna juya shi ta ko'ina, lokaci-lokaci ku tsoma a ruwan sanyi ku dawo da shi, wannan yana hanzarta shi. Da farko zai ma saki ya ƙara girma, kar hankalinku ya tashi, haka yake yi, can sai ku ji ya fara tauri a hannu. Daga nan fa ku riƙa aunawa a kai a kai don yana gudu. Mai injin wanki ya sa shi a rigar matashi ya ɗaure, ya riƙa dubawa duk minti 5. Da ya kai awo a ɗauraye, a cusa masa tawul ko a kifa shi a kan abin da ya yi daidai da siffarsa, a bar shi ya bushe, zai iya kai kwana 2.

Aikin gida, kuma a nan rubutun da kuke koya zai yi muku rana. Ku samu 'yar takarda ku rubuta kwanan wata, lambar tsinke, lambar rini, layin da kuka tsaya, da abin da ya rage, ku maƙala ta da fil a jikin aikin, duk ranar da kuka taɓa shi ku gyara lambar layin. Sannan ku yi wannan lissafin a littafinku ku zo da shi: ƙyallen gwaji mai tsawon santimita 30 ya koma 20 bayan cuɗawa, ana son hula mai zurfin santimita 18, nawa za a saƙa?