Yadda na ceto cittata daga sanyin Jos

Disamba na kamawa, ganyen cittar da na shuka a bokitai ya yi ruwan ɗorawa ya kwanta. Na zaci ƙishi ne, na ƙara ban ruwa, na zuba taki. Shiru. Ashe barci take yi, ruwan kuma ruɓar da ita yake cikin hunturu.

Na tone ta, na yanke inda ya yi laushi, na barbaɗa toka a bakin yankan. Kwana 3 ta sha iska a inuwa. Sai na binne ta cikin busasshen yashi a kwali, na ɗora kan benci a ɗaki, don siminti sanyi gare shi. Ko ɗigon ruwa ban ƙara ba.

A Afrilu ta fara tsiro, na dasa bayan ruwan farko. Alhamdu lillahi, godiya ga maƙwabciyata 'yar Kachia da ta ce in ajiye butar.