Yadda ake gyara mahaɗin da ya ƙi aiki a Markdown

Ka rubuta mahaɗi (link) a fayil ɗin Markdown, wato hanyar tsara rubutu da alamomi masu sauƙi, ka juya shi zuwa HTML, harshen shafukan yanar gizo, da manhajar Pandoc, sai ga alamomin zube a shafi yadda ka buga su, babu abin dannawa. Kada ka yi saurin ɗora wa manhajar laifi. Galibi alama ɗaya ce ta zauna inda bai kamata ba.

Fara buɗe HTML ɗin da ya fito, ka nemi `<a href`. In babu shi, manhajar ba ta gane mahaɗi ba ne sam. In yana nan amma dannawa na kai ka wani wuri, adireshin ne ke da matsala.

A na farkon, duba tsarin. Rubutu a cikin baka mai kusurwa, adireshi a cikin baka mai lanƙwasa, su biyun manne da juna: `[danna nan](https://example.com)`. Sarari ko da ɗaya ne tsakanin `]` da `(` ya isa ya ɓata shi a CommonMark, wani salon Markdown mai tsayayyun ƙa'idoji. Wasu kuma juya su suke yi, mai lanƙwasa ta riga mai kusurwa.

Sai cikin adireshin, inda aka fi shan wuya. Sunan fayil mai sarari, irin `rahoton shekara.pdf`, yana katse mahaɗi a CommonMark. Maye gurbin sararin da `%20`, ko ka sa adireshin gaba ɗaya tsakanin `<` da `>`. Adiresoshin Wikipedia da dama suna ɗauke da baka a ƙarshensu, wasu manhajoji da sun ci karo da `)` ta farko sai su ɗauka adireshin ya ƙare, ragowar ya zubo waje. Rubuta `%28` da `%29` a madadinsu. Ni wannan hanyar na fi amincewa da ita, domin ko ina ka kai fayil ɗin za ta yi aiki.

Idan ka manta `https://`, burauza za ta ɗauka `example.com` wani fayil ne a cikin shafinka, ta je nemansa ta rasa.

Mai amfani da mahaɗin laƙabi, wato `[rubutu][tushe]` da `[tushe]: adireshi` a ƙasa, ya tabbatar laƙaban biyu sun dace. Kada kuma a tura layin ƙasan ciki da sarari huɗu, don manhajar za ta ɗauke shi a matsayin rubutun umarnin kwamfuta (code).

In duk da haka ya ƙi, kwafi layin shi kaɗai zuwa sabon fayil. Gwada `pandoc -f markdown`, sannan `pandoc -f commonmark`; `-f` ne ke gaya wa Pandoc salon da zai karanta fayil ɗin da shi. Markdown ɗin da John Gruber ya fitar a 2004 bai fayyace ƙa'idoji da yawa ba, shi ya sa aka kawo CommonMark a 2014, kuma har yau manhajoji na saɓa wa juna. Idan ɗaya daga cikin umarnin biyu ya ba ka mahaɗi ɗayan ya ƙi, ka gano salon da wurin da za ka ɗora rubutun yake bi, ka gyara layin daidai da shi.