Yadda za ki raba ɗakinki da kuɗin cizo

Wallahi wanda bai taɓa kwana da kuɗin cizo ba bai san wahalar dare ba. Mu a akwatin yarona ya shigo mana lokacin da ya dawo hutu daga makarantar kwana, kafin wata biyu kowa a gidan susa yake. Kuma 'yar uwa ba ƙazanta ke kawo shi ba, kayan gwanjo ko tsohuwar katifa ma sun isa, don haka kar kunya ta sa ki yi shiru.

Ki fara da tocila. Ɗaga katifa ki bi bakin ɗinkin nan, za ki ga ɗigo-ɗigon baƙi, kashinsa kenan, da ƙwai farare ƙanana. Ki leƙa mahaɗar katakon gado da tsagar bango da bayan labule.

Zafi ne ajalinsa, shi da ƙwan duka. Zanin gado, rigar filo, gidan sauro, kayan sawa, duk ki jiƙa su a ruwan zafi sosai, kamar digiri 60, wanda hannu ba zai iya shiga ba, in sun bushe ki bi da guga. Abin da ba ya wankuwa ki ɗaure a baƙar leda ki ajiye a tsakiyar rana kwana biyu zuwa uku, amma kar ki cusa da yawa don zafin ba zai ratsa ciki ba. Gadon kuwa a kwance shi a fitar tsakar gida, ki zuba tafasasshen ruwa a buta ki dinga tsiyayawa lungu-lungu.

Katifa ce mai taurin kai, shanyawa kaɗai ba ta yi, gudu yake ya koma ƙasa inda ba zafi. Ki kankare ɗinkin da buroshi, ki naɗe ta ruf da leda mai kauri ki like da salatif, ki bar ta haka kusan shekara tunda yana iya yin watanni bai sha jini ba. Tsagar bango a toshe da siminti.

Inda yawancinmu muke faɗuwa shi ne mu yi sau ɗaya mu ce an gama. Ƙwan da ya tsira cikin kwana 6 zuwa 10 yake ƙyanƙyashewa, to bayan kwana goma ki maimaita, ki kuma sake, ni sai a zagaye na uku na samu barci.

Don Allah don Annabi kar ki sa ƙwayar maganin ƙwarin nan da ake sawa a buhun wake a ɗaki, iskar da take fitarwa guba ce, tana kashe mutum yana barci, yara ta fi saurin kayarwa. Fiya-fiya da Sniper ma ba na katifa ba ne, tun 2019 NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, ta taƙaita sayar da Sniper a kasuwa. Kalanzir da fetur kuma gobara ce kawai.

In kin gama ki janye gadon daga jikin bango, ki shimfiɗa farin zani, kullum da safe ki duba ko akwai ɗigon jini.