Tarkon ƙadangare a lambu: kurakuran da na gaji da gani

Duk shekara da damina ta ɗauke aka koma noman rani, kukan sababbin masu lambu ɗaya ne, tun daga mai kwami biyu a bayan gida a Tumfure har mai fili a bakin ruwan Dadin Kowa, duk a nan jihar Gombe: ƙadangaru sun addabi wurin da aka yafa iri, suna tsinke tsiron latas da tumatir tun yana ganye biyu, suna tona ƙasa mai laima. Sai mutum ya ce shi ba zai kashe ba, kama su zai yi ya kai nesa. Madalla da niyya. Amma yadda wasu ke ɗana tarkon, wallahi gara yaron da ya harbe shi da danƙo, don shi nan take ya gama. Na faɗa da baki har na gaji.

Tarkon kansa ba wani abu ba ne. Bokitin fenti na roba mai lita 20, wanda cikinsa ke da santsi. Ka huda ƙananan ƙofofi a gindinsa don kada ruwa ya kwanta, ka binne shi har bakinsa ya yi daidai da ƙasa kusa da katanga ko tarin duwatsun da suke shan hantsi. Ka shimfiɗa leda a bakin ka ɗaure da roba, ka tsaga tsakiyarta gicciye da reza, ka zuba 'yar gara ko fara a kai. Ya taka, ledar ta buɗe, ya zurma. Faratansa ba sa kama roba mai santsi, ledar kuma ta hana shi tsalle ya fice. Shi ke nan.

Inda ake ɓata lamarin shi ne a ɗana a tafi. Wannan ne babban laifi, kuma shi ya fi ƙona mini rai. Ƙadangare ba ya gumi, jikinsa zafin wurin da yake ciki yake ɗauka. Shi ya sa za ka gan shi da safe ya baje a kan dutse, rana na take tsaka kuma ya shige inuwa. A cikin bokiti ina zai shige? A nan Gombe, watan Maris da Afrilu zafi kan kai digiri 40 a inuwa, to ina ga cikin roba da leda a rufe a tsakar rana. Ba ya daɗewa. Wani ɗan yayana ya taɓa ɗana irin wannan da hantsi, ya hau mashin ya shiga gari, sai bayan la'asar ya dawo yana ce mini, "Baffa, tarko ya yi kamu." Muka ɗaga leda, jan gwada da mata biyu sun sandare, baki a buɗe. Na ce masa kamu kam ya yi, amma kada ya ƙara cewa tausayi ne ya hana shi kisa. Kowa ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Dabbar da ka tsare ta zama amana a wuyanka har ka buɗe mata. Ni dai ƙa'idata, ba na ɗanawa sai ranar da zan wuni a lambu. Ina zuba busasshen ganye da jiƙaƙƙen tsumma a ciki, in ɗora guntun zana a kan duwatsu ta yi wa bakin rumfa, in leƙa duk lokacin da na gama ban ruwan layi ɗaya. Kafin azahar na kife murfi. Wasu na cewa na cika tsanani, rumfa kaɗai ta isa a bar shi har yamma. Su suka sani.

Na biyun shi ne barin bokiti a buɗe ya kwana, sannan da safe a cusa hannu. Ƙadangare ba ya yawon dare, yana maƙale a bango ko bishiya yana barci. To wa kake jira ya faɗa? Kunama, da kwaɗo, da wanda ba a son ambato. Ni kunama ce ta lafe a ƙarƙashin tsumman, na kai hannu zan gyara, ta zuba mini harbi a yatsa. Lokacin dashe ne, hannu ya ƙi riƙe fartanya, iri ya yi tsawo a kwami ya wuce lokacinsa, wanda aka dasa daga baya rabi bai kama ba. Duk da haka na gode wa Allah, don ƙasar nan tamu ƙasar kububuwa ce. Ba a banza aka yi asibitin masu saran maciji a Kaltungo ba, kuma galibin waɗanda ake kaiwa can ita ce ta sare su. Gajeriya ce, launinta ya saje da ƙasa da busasshen ganye, wato daidai abin da ka zuba a gindin bokitinka, kuma da dare take fita. Don Allah ku ji wannan ko da ba ku ji sauran ba: magariba ta yi, a rufe tarko da murfinsa a danne da dutse. Da safe a ɗaga leda da sanda, a motsa ganyen da sanda, a duba da ido. Hannu ba ya shiga bokiti, ko da kana ganin ƙadangaren yana gyaɗa maka kai. Yara kuwa kada a aike su dubawa sam.

Sai masu gam ɗin ɓera. Ban san wanda ya koya wa mutane shimfiɗa shi a lambu ba. Dabba ta manne tana fizga har fata ta saluɓe, kuma ba ya zaɓe: 'yan tsaki, tsuntsu, kulɓa, duk nasa ne. In ka tarar da wani ya manne, ɗiga man gyaɗa a gefen da ya kama, ka bi a hankali da tsinke har ya saki, ka goge masa man kafin ka sake shi. Masu barbaɗa shinkafar ɓera ko fesa fiya-fiya a kan abin tarko kuma, ku tuna kajin maƙwabta da kyanwa su ne za su cinye gawar, kuma a gefen ganyen da za a kai kasuwa kuke wannan aiki.

Ƙananan kurakurai ba sa bukatar dogon zance. Bokitin da aka taɓa kwaɓa siminti a ciki tsani ne, zai hau ya fita. Tuwo da ƙanzo ba abincinsa ba ne, tururuwa kawai za ka tara. Abu mai motsi yake bi, in babu gara ka ajiye ɓawon gwanda ya jawo ƙudaje. Kada a haɗa jan gwada biyu a bokiti ɗaya, faɗa za su yi. Kada a ɗaga kowanne ta wutsiya, musamman kulɓa, tsinkewa take yi ta bar maka ita a hannu. Zarge da zaren buhu a wuya wasan yara ne mai shaƙewa. Damo da guza ba na bokiti ba ne, a ba su hanya su wuce. Lokacin hunturu kuma kada ka ɗana da asuba ka ce tarko ba ya ci, ba sa fitowa sai rana ta yi ɗumi.

Akwai kuma masu son share lambu kaf. Wannan wahalar banza ce, kuma cutar kai ce. Yawancin abincin ƙadangare ƙwari ne: tururuwa, gara, fara, tsutsa. Tsiron da yake tsinka kaɗan ne a kan abin da yake cinye maka, kuma ya fi yi da rani, lokacin da ƙwari suka ja baya, kwaminka ne kaɗai kore a wurin. Kowane jan gwada yana da yankinsa da matansa, ka ɗauke shi yau, ba da jimawa ba wani ya gaje katangar. Ni waɗanda suka maƙale wa kwamin iri kawai nake kamawa, sannan in lulluɓe kwamin da tsohon gidan sauro a kan 'yan sanduna, in danne gefensa da ƙasa. Da iri ya isa dashe, tarko ya koma ɗaki.

Wurin saki ma ana kuskure. Ba a watsar da shi a tsakiyar fili da rana inda shirwa ke shawagi, ba a kuma juye shi a lambun maƙwabci, wannan rashin kunya ce. Ka ciro bokitin yadda yake, ka kai gindin bishiya ko tarin duwatsu nesa da kwamin kowa, ka kwantar da shi a gefe ka ja baya, da kansa zai fita. In ka dawo ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa latas ko abinci, don kashinsu na ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi. Bokitin kuma ya zama na tarko kawai, kada gobe a gan shi a bakin rijiya ana ɗiban ruwan sha da shi.