Yadda na daina kwana da takardun jarrabawa

Alhamdu lillahi, takardun ɗalibai 180 na makarantarmu a wani ƙauyen Ringim sun kammalu cikin kwana uku. A da sati guda ba ya isa, domin ina zama sai WhatsApp ya ja ni, ko wani ya yi sallama. Na gwada aikin dare da tocila, barci ya ci ni. Zaman awa biyu a jere kuwa, makin ya riƙa rikicewa.

Tsarin Pomodoro na Francesco Cirillo, ɗan Italiya, wato raba aiki zuwa gajerun zagaye da hutu a tsakani, shi ya yi min magani. Na kashe data, na saita ƙararrawar ƙaramar waya minti 25, na ajiye ta nesa da hannu. Tambaya ɗaya nake dubawa a duk takardun kafin in koma ta gaba. Ƙararrawa na kaɗawa sai in tashi minti 5, in sha ruwan randa, ban da taɓa waya, don nan ne mintuna biyar ke zama talatin. Bayan zagaye huɗu, hutun minti 20.

Ina farawa bayan asuba, kafin zafi. Mai sallama a tsakiya, sai in ce "Malam, ba ni minti goma." In dole ce na tashi, zagayen ya ɓaci, sai sabo.