Ciwon da ke tsakanin kafaɗu: yadda za ka gane ko jijiya ce ta matse

'Yan uwa masu dako a kasuwar Mile 12 ta Legas, masu tura kurar ruwa, teloli da direbobin da ke wuni a go-slow, wannan ciwon da ke cin ku a gefen allon kafaɗa ba kullum ne gajiya ba. Akwai jijiyar da ke fitowa daga ƙashin wuya na 5, ta ratsa wata tsoka a gefen wuya sannan ta gangara ta bi gefen allon, in tsokar ta ɗaure saboda ɗaukar kaya a ka ko sunkuyo kan keke ko waya, sai ta shaƙe ta.

Fara da lura. Ciwon gajiya nauyi ne, ka kwanta ka huta ya tafi. Na jijiya kuwa zugi yake ko zafi kamar an zuba barkono, galibi gefe ɗaya, wani ma ƙaiƙayi ne a wuri guda. Ɗaga kai sama ka karkata shi wajen ciwon a hankali, in ka ji ya tsarga har hannu ko yatsu sun yi sanyi, to daga wuya matsalar take.

Daga nan sai asibiti, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) na nan Idi-Araba, ga na ƙashi a Igbobi. Hoton ƙashi ba ya nuna jijiya, don an ce hotonka lafiya lau kar ka ɗauka shikenan. Likita zai taɓa ya gwada ƙarfin hannun, in da buƙata ya tura ka MRI, wato hoton da ke nuna tsoka da jijiya, ko gwajin jijiya na lantarki.

Magani yawanci fisiyo ne, miƙa tsokar wuya, ƙarfafa ta baya, gashi da tawul mai ɗumi, a rage kayan, mai zama ya riƙa miƙewa. Yana ɗaukar makonni, sai haƙuri. In ya ƙi akwai maganin jijiya ko allura a wajen, tiyata ba kasafai ba. Don Allah a daina haɗiyar diclofenac kullum daga kemis, yana cin ciki da ƙoda, tramadol kuwa kar ma a fara.

Amma in ciwon ya zo da nauyin ƙirji ko numfashi sama-sama, zazzaɓi, rama da zufar dare, ko hannu ko ƙafa sun fara mutuwa, ko fitsari na zubowa, ka tafi asibiti a ranar, kar ka tsaya wajen mai ƙaho.