Yadda Ake Jawo Tsuntsun Hamingbad Zuwa Bayan Gida da Ruwan Sukari

Hamingbad ɗan mitsitsin tsuntsu ne mai shan ruwan fure, kuma a nahiyar Amurka kaɗai ake samunsa, daga Alaska har ƙarshen kudancin Ajantina da Chile. Ire-irensa sun haura 350, mafi yawansu a ƙasashen tsaunukan Andes kamar Kolombiya da Ekwado. Wanda mutanen gabashin Amurka da Kanada suka fi sani shi ne mai jan maƙogwaro. Nauyinsa bai wuce giram 3 zuwa 4 ba, yana kaɗa fukafukansa kusan sau 50 a daƙiƙa ɗaya, ya tsaya cak a iska, ya ja da baya in ya ga dama. Jiki mai irin wannan aiki ba ya jure yunwa. Shi ya sa tsuntsun kan yi saurin sabawa da mazubin ruwan sukari, kuma shi ya sa ruwan da ya lalace yake yi masa illa nan da nan. Duk wanda ba zai iya wanke mazubi a kai a kai ba, gara ya shuka furanni kawai ya bar zancen mazubi.

Haɗin ruwan

Farin sukari awo ɗaya, ruwa awo huɗu. Wato kwatan kofi na sukari, kimanin giram 50, a cikin kofin ruwa ɗaya, kimanin mililita 240. Wannan haɗi ya yi kusa da zaƙin ruwan furannin da tsuntsun yake sha a daji. A dama da ruwa mai ɗumi har sukarin ya narke ƙaf, a bari ya huce sarai kafin a zuba. Tafasawa na minti ɗaya ko biyu tana ɗan jinkirta lalacewa, amma in aka bar shi yana ta tafasa ruwan zai ƙone, zaƙin ya yi yawa. Ragowar a zuba a kwalba mai murfi a sa a firji, a ƙarar da shi cikin mako guda.

Abubuwan da ba a sawa su ne inda masu kyakkyawar niyya suka fi yin ɓarna. Zuma in an sirka ta da ruwa tana saurin tsami, tana kuma raya ƙwayoyin cutar da kan kama harshen tsuntsun ya kumbura har ya kasa sha. Sukari mai ruwan ƙasa da duk wanda ba a tace ba yana ɗauke da sinadarin ƙarfe, jikin hamingbad kuwa tara shi yake yi har ya zame masa guba. Abin zaƙi na masu ciwon sukari ba shi da kuzari ko kaɗan, tsuntsun zai cika ciki da shi yunwa tana cinsa. Jan launin da ake ɗigawa a ruwa ba shi da wani amfani, domin jan da ke jikin mazubin ya isa ya jawo hankali.

Wane irin mazubi

Iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai kwalba a kife, ruwa yana sauka zuwa gindin da ke da ƙofofin sha. Akwai kuma mai kama da faranti mai murfi, ruwan yana ƙasa, ƙofofin suna saman murfin. Mai kwalbar ya fi ɗaukar ruwa, amma yana da aibi: in rana ta buge shi, iskar da ke saman ruwan a cikin kwalbar sai ta kumbura ta turo ruwan waje, ya riƙa ɗiga, ɗigon nan kuwa shi ke kiran kiyashi da rina. Farantin ba ya ɗiga, yana da sauƙin wanki, kuma ƙudan zuma ba ya kai wa ga ruwan, alhali hamingbad da dogon harshensa yana kai wa ba wahala. Ga mai farawa, farantin ya fi.

Kafin ka saya, ka duba ko yana warwaruwa gaba ɗaya. Duk lungun da buroshi ba zai shiga ba, nan fumfuna za ta yi gida. Kada girman mazubi ya ruɗe ka, ƙarami mai ɗaukar kofi ɗaya ya wadatar, tunda ruwan zai lalace kafin tsuntsu biyu ko uku su shanye babba.

Wanki da sauya ruwa

Nan aikin yake. Zafi shi ke yanke tsawon kwanakin ruwan. In zafin rana ya kai digiri 32 a ma'aunin Salshiyas ko fiye, a sauya kullum, in an jinkirta ƙwarai bayan kwana biyu. In yanayi na tsaka-tsaki ne, kwana uku. In da sanyi-sanyi, zai kai kwana huɗu ko biyar. Amma ido ya fi lissafi: ɗaga mazubin ka duba shi a haske. Ruwa mai kyau garau yake. In ya yi dishi-dishi, ko ka ga wasu zare-zare suna yawo a ciki, ko ɗigon baƙi a bakin ƙofofin, ko ka ji warin tsami, to ya riga ya lalace tun jiya.

Kada a ƙara sabon ruwa a kan tsoho. A zubar da ragowar, a warware mazubin, a wanke da ruwan zafi da buroshin kwalba, a bi kowace ƙofa da ɗan siririn buroshi. Sau ɗaya a mako a jiƙa shi a ruwan khal awo ɗaya da ruwa awo huɗu. In fumfuna ta riga ta kama, a jiƙa a bilic awo ɗaya da ruwa awo tara na 'yan mintuna, a ɗauraye sau da yawa har warin ya tafi, a bari ya bushe. Sabulu kan bar saura a lunguna, in an yi amfani da shi sai a tsananta ɗauraya. Dabara mai sauƙi ita ce a riƙa zuba iya abin da tsuntsayen za su shanye kafin ranar wanki, ko da sulusin mazubin ne. Wanda zai yi tafiya ta mako guda kuwa, ya sauke mazubin ya ajiye. Tsuntsun zai koma kan furanni, in an mayar zai dawo.

Inda za a rataye

A nemi wuri mai inuwa da tsakar rana amma a fili, yadda tsuntsu mai wucewa zai hango jan. Tsayin mita ɗaya da rabi daga ƙasa ya yi, kuma kada ya kasance kusa da katanga ko duhuwar da kyanwa za ta laɓe ta yi tsalle. Ya kamata a sami bishiya ko 'yan shuke-shuke masu rassa a tazarar mita uku ko huɗu, domin hamingbad ya fi ɓata lokacinsa a zaune a kan siririn reshe yana gadi, shan kansa na 'yan daƙiƙu ne.

Gilashin taga yana kashe tsuntsaye da yawa, suna ganin hoton sama da bishiyoyi a jikinsa su afka da gudu. Ko dai a rataye mazubin dab da tagar, ƙasa da mita ɗaya, yadda tsuntsun ba zai sami tazarar ɗaukar gudu ba, ko a kai shi can nesa, mita tara ko fiye. Tsakanin nan shi ne wurin haɗari.

Kiyashi, rina da sauran baƙi

Maganin kiyashi ɗan kofin ruwa ne da ake ratayawa tsakanin ƙugiya da mazubin, kiyashi ya biyo igiya ya tarar da ruwa ya kasa haye. A riƙa cika shi da ruwa zalla. Kada a shafa mai ko man shafawa a igiya ko sanda, yana manne wa gashin tsuntsun ya hana shi tashi da riƙe ɗumi. Maganin ƙwari kuwa ba ya kusantar wurin ko kaɗan. Rina da ƙudan zuma suna son launin rawaya, don haka a cire furannin roba masu rawaya da ke jikin wasu mazubai, a goge duk ruwan da ya zuba a waje. In sun riga sun gane wurin, a matsar da mazubin 'yan mitoci. Ƙwarin kan daɗe suna neman tsohon wuri, tsuntsun kuwa nan take zai gano sabon. In ka ga babban ƙoƙi-ƙoƙi ya maƙale a mazubi, ɗauke shi ka kai shi nesa, yana iya cafke hamingbad. A kudancin jihar Arizona ta Amurka jemagu masu shan ruwan fure kan shanye mazubi tas cikin dare, a yankunan da ke da dabbar beyar kuma sai a riƙa shigar da shi ɗaki da magariba.

Sai rigimar 'yan gida. Namiji ɗaya kan mallake mazubi, ya zauna a reshe yana korar duk wanda ya matso. Ba a raba wannan faɗa, sai dai a fi shi dabara: a rataye mazubi biyu ko uku a ɓangarori daban-daban na gidan, yadda ba zai iya ganinsu gaba ɗaya ba.

Sukari ba shi ne abincin duka ba

Ruwan sukari kuzari ne kawai. Abin gina jiki yana fitowa daga ƙananan ƙwari, darɓa, 'yan ƙudaje da ƙananan gizo-gizo, kuma da su uwa take ciyar da 'ya'yanta. Da saƙar gizo take ɗaure sheƙarta, wadda ba ta fi rabin ƙwan kaza girma ba, ta saka ƙwai biyu kamar ƙwayar wake. Lambun da aka feshe da maganin ƙwari, ko da mazubi goma a ciki, ba wurin da za ta yi sheƙa ba ne. A shuka furanni masu dogon wuya kamar kakaki, ja ko ruwan lemo, waɗanda asalinsu na yankin ne, irin su Salvia, Monarda, Penstemon, Lobelia cardinalis da Lonicera sempervirens, a haɗa masu fure da wuri da masu fure a makare. Tsuntsayen kuma suna son wanka a feshin ruwa mai laushi fiye da kwano mai zurfi.

Lokaci da abin lura

Mai jan maƙogwaro yana yin hunturu a Meziko da Amurka ta Tsakiya, wasu suna ƙetare Tekun Meziko, kusan kilomita 800, ba tare da sauka ba. Suna isa jihohin Amurka na gaɓar tekun a watan Maris, jihohin arewa da kudancin Kanada kuwa sai wajen Mayu. Maza ke riga mata isowa. A rataye mazubi mako ɗaya ko biyu kafin lokacin da aka saba ganinsu a yankin. In mako biyu sun wuce ba a ga kowa ba, a ci gaba da sauya ruwa, sabon wuri kan ɗauki lokaci kafin a gano shi. A watan Yuni sukan yi ƙaranci, mata suna kan ƙwai da farautar ƙwari. A Agusta kuma wurin ya cika da 'ya'yan bana da masu shirin komawa kudu.

Sassafe da dab da faɗuwar rana ne lokacin kallo mafi kyau. Sau da yawa kunne ke riga ido, za ka ji wani ɗan gurnani na fukafukai kafin ka ga mai shi. Ka zauna shiru, rana tana bayanka. Maƙogwaron namijin baƙi za ka gan shi, sai ya ɗan juya kai haske ya faɗa daidai, ya yi wal kamar garwashi, domin launin daga yadda gashin yake mayar da haske yake fitowa. Mace da 'ya'yan bana maƙogwaronsu fari-fari ne, da fararen ɗigo a gefen jela. In da sanyin safiya ka tarar da ɗaya a sandare a kan mazubi, wani lokaci ma kai a ƙasa, kada ka taɓa shi. Wani nauyin barci ne da suke shiga don tattalin kuzari, yana jin ɗumi zai farfaɗo. Kama shi ko tsare shi a keji laifi ne a Amurka ƙarƙashin dokar kare tsuntsaye masu ƙaura ta 1918, wanda ya ji rauni sai a kira masu lasisin jinyar namun daji.

Mazubi ba ya hana su ƙaura, gajartar yini ce ke tayar da su. A bar shi a rataye mako biyu bayan ganin na ƙarshe saboda 'yan makara. A gaɓar tekun yamma, daga jihar Kalifoniya ta Amurka har birnin Vancouver na Kanada, irin da ake kira na Anna yana nan duk shekara. Can in dare zai yi ƙanƙara a shigar da mazubin ɗaki, a fito da shi tun kafin gari ya waye, domin a lokacin ne tsuntsun ya fi bukatarsa.